Gilashi Mai Lamba Sittin da Uku

Masu rubuta min a ƙarƙashin labarin makon jiya cewa na cika taurin kai, na ga saƙonku ɗaya bayan ɗaya, kuma ban musa ba. Har wadda ta ce da ni ƙanwarta ce da ta ja min kunne, na gode, Allah ya bar zumunci. Amma kafin ku ƙarasa yanke min hukunci, ku gyara zama ku ji abin da ya same ni daga Litinin zuwa Alhamis.

Ga wanda yau ya fara leƙowa: ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da bakwai, ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani babban asibiti. A gida Likita suke ce min, duk da na gaji da gaya musu ban taɓa ba kowa ko ƙwayar ciwon kai ba. Aikina shi ne naman da aka yanko daga jikin mara lafiya a ɗakin tiyata. In daskarar da shi a cikin kaki irin na kyandir, in fere shi siriri fiye da ɓawon albasa, in shimfiɗa a kan gilashi, in rina shi, in sa a ƙarƙashin madubin da yake ƙara girman abu. Ina kuma karatun digiri na biyu, saura min wata goma sha huɗu in gama. Wata goma sha huɗun nan su ne rigimar gidanmu.

Ran Litinin, bakwai saura, ina tsaye a falo ina goge farar rigar aikina sai ga sallamar Gwaggo. Yayar Abbanmu ce, kuma tun da Abba ya rasu ta naɗa kanta uban gida. Idan ta zauna a kujerar tsakiya, ta ɗora jaka a cinya, ba ta sauke mayafi ba, to magana ta kawo.

"Likita, ajiye dutsen gugar nan ki zo."

"Ina kwana, Gwaggo. Ina jin ki, ai ba da kunne nake guga ba."

"Kin ji ko?" Ta dubi Umma da ta fito daga kicin riƙe da kofin shayi. "Wannan bakin ne za mu kai gidan mutane."

Umma ta ƙifta min ido wai in yi a hankali.

"Yaron nan ya turo, an karɓa, kowa ya yi murna," in ji Gwaggo. "Sai ke ki ce a jira wata goma sha huɗu. Wata goma sha huɗu! Ai mace ta ɗauki ciki ta haihu har yaron ya fara zama."

"To ai ni ma reno nake yi, Gwaggo. Digiri nake reno."

"Digirin ne zai yi jinyarki ran da kika kwanta?"

"A'a, amma shi zai gane ciwon."

Umma ta kusa ƙwarewa da shayi. Da ta gyara murya sai ta ce, "Auta, ba wanda ya hana ki karatu. A ɗaura nan da wata biyu, ki ci gaba daga ɗakinki."

"Umma, haka aka ce wa Yaya. Littattafanta suna nan a saman sif ɗinki shekara shida, ko kaɗe su ba a yi."

Na naɗe rigata, na rataya jaka, na ce musu wata goma sha huɗu, ko kwana ɗaya ba zan rage ba. Na bar Gwaggo tana tafa hannu tana kiran sunan Abba ya zo ya ga abin da ya haifa.

Yaron da ake magana a kai shi nake kira Mai Alli. Malamin lissafi ne a sakandare, kuma tun da na san shi ban taɓa ganin wandonsa babu farin alli a gefen aljihu ba. Ɗan Baba Tela ne, wanda yake ɗinka wa gidanmu kaya tun ina sa rigar firamare. Mai Alli ma wata biyun yake so. Ba ya faɗa, ba ya fushi, sai dai ya bi ka da lissafi har ka gaji. Ran Lahadi ya ce in ba shi zuwa Alhamis ya yi tunani. Na ce ya yi tunaninsa har ya ƙoshi, amsata ɗaya ce.

Ina cikin mota saƙonsa ya shigo.

"Barka da safiya, Hajiya Goma Sha Huɗu."

"Barka kadai, Malam Wata Biyu."

"Ina kwashe takardun Baba na ga wannan. Karanta min, yaren likitoci ya fi ƙarfin lissafina."

Sai hoton takarda. Wata goma sha ɗaya da suka wuce an yi wa Baba Tela tiyata a asibitinmu, aka cire masa wani ɓangare na huhun dama saboda ciwon daji. Mutumin da ko warin taba ba ya so. Lokacin ina hutu, ban san hannun wa naman ya bi ba. Na buɗe hoton. Mu 'yan ɗakin gwaji lamba muke fara karantawa kafin suna, haka idonmu ya saba, don haka na ga 2817 a saman takardar kafin komai. Ƙarin ƙarami ne, an yanke shi da tazara, kaluluwar da aka cire a ƙirji duk babu komai a ciki.

"Takarda mai kyau ce," na rubuta masa. "Yana zuwa a duba shi dai ko?"

"Sau biyu ya je ya daina. Ya ce wanda ya warke me zai je yi a layin marasa lafiya."

"Ka ce masa Likita ta ce ya koma."

"Ke da ba likita ba?"

"Yau ɗaya na yarda ni ce."

Na jefa wayar a jaka ina murmushi, wallahi ko ɗar ban ji ba.

Yanzu ku yi haƙuri in ɗan yi muku karatu, don in ba haka ba ba za ku gane abin da ya tsinka min zuciya ba. Kun san kaluluwa, wadda take kumbura a hammata idan mutum ya ji ciwo a hannu? Akwai irinta da yawa a cikin ƙirji, kewaye da huhu. Tsakaninsu kuma akwai wasu siraran hanyoyi da suke kwashe ruwan jiki, kamar magudanan ruwa a unguwa. To shi ciwon daji makiri ne. Wani lokaci yakan fitar da sinadarin da yake sa sababbin hanyoyin nan su tsiro a gefensa, su yi yawa, su yi faɗi. Ta cikinsu yake samun ƙofar fita ya tafi wani wuri.

Abin da yake damun Farfesa, shugabar ɗakinmu kuma mai duba karatuna, shi ne wannan: mutum biyu, ƙari iri ɗaya, girma ɗaya, duka an ce kaluluwarsu tas. Ɗaya ya yi shekara goma yana cin kasuwarsa, ɗaya kuma kafin shekara biyu ciwon ya dawo. Me ya bambanta su? Masu bincike da dama sun lura cewa inda hanyoyin nan suka yi yawa a bakin ƙarin, ciwon ya fi saurin yaɗuwa. Shi ne muke dubawa a namu marasa lafiyar, mutum ɗari da ashirin. Ina rina gilashin da wani rini da yake kama bangon hanyoyin ya mai da su ruwan ƙasa. A madubi sai ka gan su 'yan zobba-zobba. In nemi wuri uku da suka fi cunkoso, in ƙirga da 'yar na'urar da nake dannawa da babban yatsa, ƙyas, ƙyas, ƙyas.

Kuma akwai doka. Mai ƙirge ba ya sanin naman waye. Ni na zaƙulo su daga ma'ajiya da jerin lambobi, babu suna. Na rubuta lambar asibiti da fensir a kan kowane gilashi, sannan Farfesa da hannunta ta manna farar takarda a kai, ta ba su sababbin lambobi daga ɗaya zuwa ɗari da ashirin. Ita kaɗai ta san wanne ne wanne. Dalili kuwa, idan ka san mai naman, idonka zai ga abin da zuciyarka take so.

Ba yabon kai ba, a ɗakin nan babu mai idona. Farfesa ma ta sani, faɗa ne dai ba za ta yi ba.

Ran Laraba da hantsi na kai kan gilashi mai lamba sittin da uku. Fanka tana juyawa, firjin rini yana gurnaninsa, ni kaɗai ce a kan dogon teburin da yake jikin taga. Yawanci nakan samu takwas, goma, in abin ya yi tsanani goma sha biyar. Na sa ido a madubi na bi gefen ƙarin, sai na ga zobba sun yi dafifi, wasu ma sun buɗe baki. Na fara dannawa. Talatin da ɗaya. Na koma wuri na biyu, ashirin da tara. Na uku, talatin da uku.

Na ce kai, ba dai rinin ne ya zarce ba? Ko iska ce ta shiga ƙarƙashin murfin? Duk wanda ya taɓa haɗa gilashi ya san abin da ake yi a nan, hannu ne yake yi ba tare da ya tambayi kai ba. Na zare gilashin, na ɗaga shi saitin taga, na juya bayansa ina neman kumfa.

Babu kumfa. Amma rana ta ratsa farar takardar Farfesa, rubutun fensir ɗin da yake ƙarƙashi ya fito ta baya. A juye yake, amma rubutuna ne, bakwai ɗina mai ɗan sanda a ciki. Biyu, takwas, ɗaya, bakwai.

Jama'a, ban san lokacin da na ajiye gilashin ba. Na ciro waya na buɗe hoton Mai Alli, na ja shi ya yi girma, ina roƙon Allah ya sa idona ne ya yi min ƙarya yau ɗaya. 2817. Na sake ƙirgawa, wannan karon ina tsallake duk zoben da zan iya yi wa sharrin cewa ba zobe ba ne. Na samu ashirin da shida. A nan na kama kaina ina magudi saboda mutumin da ya ɗinka min rigar makaranta, na gane dalilin dokar.

Ina iya yin shiru, babu wanda ya gan ni. Amma ni ba a haka aka gina ni ba. Na ɗauki gilashin na nufi ofishin Farfesa.

Farfesa 'yar gajeruwa ce, tabarau a kan hanci, mayafi fari kullum, kuma ko tari ta yi sai ka gyara tsayuwa. Ta saurare ni har na gama ba ta ɗago ba.

"Wa ya ce ki ɗaga shi a rana?"

"Kumfa nake nema, Farfesa."

"Kin samu?"

"A'a."

"Kin samo abin da ya fi kumfa." Ta miƙo hannu na ba ta gilashin, ta sa a aljihun tebur ta kulle. "Wannan ya fita daga hannunki, wani zai ƙirga. Gobe duk sauran za a yi musu baƙar takarda gaba da baya. Laifina ne rabi, naki rabi. Zauna."

Na zauna. Na ce, "Farfesa, mahaifin wanda zan aura ne. Sun ɗauka ya warke. Ya ma daina zuwa a duba shi."

Sai a lokacin ta cire tabarau.

"Saurara da kyau, 'yata. Abin da kika ƙirga magana ce a kan mutum ɗari da ashirin, ba hukunci ba ne a kan mutum ɗaya. A cikin masu yawan zobban nan akwai waɗanda suke nan garau har yau. Haɗarinsa ya fi na wasu, wannan gaskiya ne, amma ba ke kike riƙe da ranarsa ba, ba ni ba ce kuma. Binciken ma bai ƙare ba. Idan kika je kika faɗa wa iyalinsa lamba, kin ci amanar mara lafiya, kin kuma tsorata su da abin da ba ki da tabbas a kai."

"To in zuba ido?"

"Na ce ki zuba ido? Zan kira likitansa yau, a neme shi kamar yadda ake neman duk wanda ya tsallake ranar dubawa. Ke kuma Allah ya ba ki baki, duk asibitin nan an shaida. Ki je ki yi amfani da shi ki kawo min tsohon nan. Amma lamba ba ta fita daga ɗakin nan. Kin yi alkawari?"

"Na yi."

Ran Alhamis na nemi izinin fita da azahar. Na biya gida na ɗauki wani yadi shuɗi da Umma ta daɗe tana cewa a kai ɗinki, na sauya zuwa doguwar riga mai ruwan zuma, na yafa mayafi babba. Umma ta bi ni da kallo.

"Yau kuma ke ce da kai ɗinki da kanki? Wace rana!"

"Hanyata ce, Umma."

Shagon Baba Tela ɗan ƙarami ne, a bakin titi, tsakanin mai gyaran waya da mai sayar da fenti. Kekunan ɗinki biyu, teburin yanka da ya sha almakashi har gefensa ya yi santsi, zare kala-kala a jere a bango, ƙyallaye cike da kwali a ƙarƙashin benci. Na same shi shi kaɗai yana taka keke, tef ɗin awo a wuya. Ya ɗan faɗa, amma wanda bai san shi ba ba zai lura ba.

Na durƙusa na gaishe shi.

"A'a, Likita da kanta! Tashi, tashi, kar ki ɓata rigarki. Wa ya ɗinka miki wannan? Ba hannuna ba ne, kafaɗar ta karkace."

"Saye na yi, Baba."

"Allah ya shirye ku."

Ya karɓi yadin Umma ya murza da yatsa biyu, ya ce ta iya zaɓe. Ni kuma na zauna a benci na fara abin da ya kawo ni, a hankali, da wasa da dariya. Na ce asibiti suna kewarsa. Na ce wanda aka yi wa irin aikinsa ko ya fi doki lafiya sai an riƙa leƙa ƙirjinsa. Yana jina yana murmushi yana zare zaren da ya maƙale.

"Jiya da yamma sun kira ni," ya ce. "Wata biyar ba wanda ya neme ni, sai jiya. Yau kuma ga ki da yadi."

Ya ajiye yadin a gefen keke, ya ci gaba.

"Kafin su kwantar da ni sun ba ni wata takarda na sa hannu, wai za a yi karatu da abin da aka cire. Na ce ku yi mana, mu ma a nan ba ma zubar da ragowar yadi." Ya dube ni ta saman ido. "Ya zo hannunki ne?"

"Baba, ba a ba mu suna. Kuma ko an ba mu, ba ni da izinin magana a kan aikin ɗakinmu."

"Madalla. Haka nake so in ji." Ya gyaɗa kai. "Kin san tun da aka sallame ni, duk wanda ya shigo shagon nan sai ya ce Baba ka warke. Ke kaɗai ce ba ki taɓa faɗa ba. Kullum sai dai ki ce yaya ƙarfin jiki."

A lokacin ne na lura da rigarsa. Shekara ashirin na san Baba Tela da riga mai buɗaɗɗen wuya, yana cewa mai aikin keke ba ya shaƙe kansa. Wannan kuwa sabuwa ce, wuyanta a tsaye, maɓalli har sama, a wannan zafin. Ya ga inda idona ya tsaya. Ya sa hannu ya ɓalle maɓalli biyu, ya ɗan ja wuyan gefe. A saman ƙashin wuyansa na dama akwai wani ɗan kumburi, bai kai ƙwan tantabara ba.

"Sati uku ke nan," ya ce. "Ba ya ciwo."

Da yana ciwo da na fi samun kwanciyar hankali, don wanda ba ya ciwo shi ya fi ba mu tsoro. Ban faɗa masa haka ba. Sai na ce, "Baba, kumburi iri-iri ne, sai an ɗiba an duba za a sani. Kuma ko shi ne, akwai magani, ba kamar da ba. Amma ba sai mako mai zuwa ba, gobe. Ƙarfe takwas zan tsaya a bakin ƙofar asibiti, idan ban gan ka ba zan zo in ɗauke kan keken nan in tafi da shi."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Za ki aikata. Zan zo. Amma ke ma ki yi min ɗaya: kada ki gaya wa yaron nan. Tun rasuwar uwarsa ni kaɗai yake gani. Bari a duba tukuna."

Na ce to.

Ya maida maɓallansa, ya miƙe ya jawo wata leda daga saman kanta, ya buɗe a kan teburin yanka. Farin yadi ne mai nauyi, an riga an yanka shi, gaba da baya da hannuwa, an jera su da allurai. Ko ba a faɗa ba na san awon waye.

"Rigar ango," ya ce. "Na san da saura, ya gaya min sharaɗinki, kuma ni ina bayanki. Ki yi karatunki, kar ki saurari kowa. Na dai ce bari in rage aiki tun hannuna bai fara rawa ba. Ko ban kai ba, a ce ni na ɗinka."

Ya faɗe shi ne kamar yana faɗin farashin zare. Ni da ban yi kuka a gaban Farfesa ba, sai ga shi ina kallon silin ina ƙifta ido. Na yi masa sallama da sauri na fito.

Ina tsaye a gaban shagon mai fenti wayata ta yi ƙara. Mai Alli ne, dogon saƙo.

"Na gama tunani. Ke ce da gaskiya. Na je gidanku da na tashi daga makaranta, na samu Umma da Gwaggo, na ce musu ni na amince da wata goma sha huɗu, kowa ya ƙyale ki. Gwaggo ta ce an shanye ni. Ki yi digirinki hankali kwance, ina nan."

Kun ji fa. Wata uku ina yaƙi, ran da na ci nasara ke nan.

Na karanta sau biyu. Na tuna littattafan Yaya, ba wai ban tuna ba. Amma ni ba Yaya ba ce, kuma wanda ya iya shiga tsakanina da Gwaggo ba shi zai ɗora min littafi a saman sif ba. Digirina zan yi shi ko a kan tabarma ne. Abin da ban da iko a kai shi ne wata nawa tsohon nan yake da su. Na rubuta masa:

"Na fasa. A ɗaura nan da sati shida."

Ya karanta nan take. Na ga alamar yana rubutu, ta ɓace, ta dawo, ta sake ɓacewa. Na zaci zai turo min dariya da godiya. Na manta da wa nake magana.

"Kina ina?"

"Shagon Baba. Ɗinkin Umma na kawo."

Sai ya rubuto:

"Na san ki. Ba kya sauya amsa sai wani abu ya sauya a lissafin. Me kika gani?"

Kafin in yi motsi wayar ta fara ruri a hannuna, sunansa yana haske. Alkawari biyu sun ɗaure min baki, na Farfesa da na Baba. Ƙarya kuma ban taɓa yi masa ba, ba zan fara da wannan ba. Na juya na koma shagon. Baba Tela ya ɗago daga kan keke, ya ga fuskata, ya ga wayar, ya girgiza min kai.

Na durƙusa a gabansa na miƙa masa da hannu biyu.

"Baba, ɗanka ne. Na ce ba zan faɗa ba, kuma ba zan faɗa ba. Amma ban ce zan yi masa ƙarya ba."

Ya dube ni, wayar tana ta kuka tsakaninmu. Sannan ya sauke ƙafarsa daga kan keken, ya goge tafinsa a jikin riga, ya karɓa. Na danna masa.

"Na'am, ni ne," ya ce. "A'a, tana nan lafiya. Kana tsaye ne? To nemi wuri ka zauna, ɗana."